Wayoyi a Bayana, Umma a Kano

Abin da na fara sani a Kuala Lumpur shi ne matakala. Gidan da maigidana, Abban Ilham, ya kama mana a unguwar Wangsa Maju a hawa na huɗu yake, cikin irin tsofaffin benayen nan da ba su da lifta. Ya riga mu zuwa da 'yan watanni, jami'ar da yake koyarwa a gida ce ta turo shi ƙaro karatu, kuma da ya tashi neman gida abin da aljihunsa zai ɗauka ya duba. Ranar da muka iso ya yi gaba da akwatuna, 'yarmu Ilham ta bi shi da gudu, ni kuwa a hawa na biyu na tsaya na dafa bango. Ya leƙo daga sama ya gan ni, ya ajiye kayan ya sauko.

"Hadiza, wallahi na manta," in ji shi.

Mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da ni ma yana iya mantawa, domin ciwon nan ba a ganin sa.

Hatsarin mota na yi a hanyar Zariya shekarun baya. Aka yi mini tiyata a baya a Kano, ƙashi ya ɗinke, likitoci suka ce aiki ya yi kyau. Amma ciwon ya ƙi tafiya. Daga ƙugu yake tasowa ya gangara ƙafar hagu har tafin ƙafa, wani lokaci kamar an ɗora garwashi, wani lokaci kamar na taɓa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu. Shi ya raba ni da aikin koyarwa, don ba na iya tsayuwa gaban allo. Mahaifiyata, Umma, ita ta yi ta fama da ni, kuma ita ta matsa in bi mijina. Ta ce wataƙila maganina yana can.

Watannin farko a ɗaki na yi su. Abban Ilham ya fita da safe sai magariba. Ilham ta shiga makaranta, kafin a jima na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, har da "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke ƙarawa a ƙarshen magana. Ina kwance ina kallon jirgin ƙasa na wucewa a kan gadarsa, da la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na kan kira Umma idan mun yi la'asar, lokacin su kuma hantsi ne, in ji tana ba awaki dusa, in ji mai kayan miya yana kira a waje, in kashe waya in yi kuka.

Akwai matan 'yan Nijeriya da yawa a unguwar Taman Melati, matan malamai da ɗalibai irina. Sun karɓe ni hannu biyu. Amma da na je wani suna, kowa ya zauna a ƙasa ana cin tuwo, ni na tsaya jingine da bango na kasa zama na kasa tafiya. Na jiyo wata tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ga ta fes kuwa, anya ba son jiki ba ne?" Wata ta ce ai irin wannan ba na asibiti ba ne, a nemi ruƙiyya. Daga ranar na rage fita.

A wurin sunan nan na haɗu da Anti Jummai. A unguwar Sentul take zaune, ta daɗe a ƙasar, tana sayen kaya tana aikawa gida. Ita kaɗai ta kawo mini kujera ranar. Bayan kwana biyu ta kira ni.

"Maman Ilham, ke dai shirya in zo in ɗauke ki. Akwai wani likita, Larabawa ma layi suke yi a wurinsa. Ba tiyata, ba allura."

Ta kai ni wani ɗaki a saman gidan abincin mamak, irin na Indiyawa Musulmi, ƙamshin kori har cikin ɗakin. Wani mutum da farar riga ya ɗaura mini wata ɗamara mai waya a ƙugu, ya kunna, na ji fatata tana karkarwa. Ya ce irin na'urar da manyan asibitoci ke yanka mutum su saka masa ce, shi kuwa tasa daga waje take aiki. Anti Jummai tana gefe tana gyaɗa kai. Na saya, ban ma yi shawara da Abban Ilham ba, don na gaji da ganin tausayi a idonsa. Na yi ta ɗaurawa safe da yamma har ta ƙona mini fata, wurin ya yi bororo, ciwon bayan kuwa ko gezau. Da muka koma da Abban Ilham, sai muka tarar ɗakin ya zama shagon gyaran waya. Na kira Anti Jummai.

"Haba Maman Ilham, ni fa taimako na yi. Jiki da jiki ai ba ɗaya ba ne."

Daga baya na ji cewa duk wadda ta kai wurin tana da nata kason. Cutar da 'yar gida ta yi mini ta fi ƙunar zafi.

Wata rana na lallaɓa na sauka kedai, ɗan kantin da ke ƙasan benenmu, sayen burodi. A dawowa ƙafar ta riƙe. Na zauna a kan matakala da leda a hannu, gumi na zuba. Nan maƙwabciyarmu ta same ni, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Malay mai suna Rohani, wadda kowa ke kira Makcik, kamar mu ce Goggo. Sallama kawai ke haɗa mu kafin ranar. Ta ajiye jakarta, ta zauna kusa da ni a matakalar, ta nuna bayana.

"Sakit?" ta tambaya. Ko ban san kalmar ba na gane ciwo take nufi.

Na gyaɗa kai. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in tashi ba. Ta zauna har ƙafar ta sake ni, sannan ta sa kafaɗarta muka hau. Da Ilham ta dawo makaranta ta yi mana tafinta. Ashe mijin Makcik kafin ya rasu ya daɗe yana zuwa wani sashe na asibiti da ba abin da ake dubawa sai ciwon da ya ƙi jin magani. Ta ce ita za ta kai ni a 'yar motarta.

"Boleh?" ta ce tana kallona. Ilham ta ce, "Wai zai yiwu, Mama?"

Na ce zai yiwu.

Likitar Ba'indiya ce, Dakta Shanti, mai furfura a gefen kai. Ta daɗe tana duba hotunan bayana, ta sa na kwanta, ta bi ƙafar da yatsa tana tambaya. Ita ce likita ta farko da ba ta ce mini hoto ya nuna lafiyata ƙalau ba. Ta ce jijiyar ce ta ji rauni, tana ta aika saƙon ciwo ko da babu sabon rauni. Muka yi watanni ana gwada ƙwayoyi da allurai da motsa jiki. Da duk suka gaza, ta zaunar da mu ni da Abban Ilham, ta ɗauko wasu siraran wayoyi da wani abu mai kama da murfin kwalba.

Ta ce za a zura wayoyin kusa da laka, a binne batirin a ƙarƙashin fata a saman ɗuwawu. Na'urar za ta riƙa sakin 'yar wuta kaɗan da za ta dusashe saƙon ciwon kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Amma sai an fara gwaji na kamar mako guda, batirin yana waje, a ga ko jikina zai karɓa.

"Kada ki ji na ce zan warkar da ke," in ji ta. "Idan ciwon ya ragu da rabi, mun ci nasara. Wasu ba ya yi musu aiki sam. Waya na iya gocewa, wurin na iya ruruwa. Gara ki ji yanzu."

Rabi. Na tsallako teku don rabi.

A mota, da muka kusa gida, Abban Ilham ya ce, "Waya a laka fa, Hadiza. In aka taɓa wani abu kika shanye fa? Kuma karatuna ya kusa ƙarewa. Idan mun koma Kano ta samu matsala, wa zai duba miki?"

"Kai kana tsoron abin da zai iya faruwa," na ce. "Ni ina cikin wanda ya riga ya faru."

Inshorar ɗalibai ba ta ɗaukar irin wannan aikin, sai da aka sayar da filina na gado da 'yan gwala-gwalaina. Yaya Sani, babban wanmu, shi ya yi wannan zirga-zirgar a Kano. Umma kuwa cewa ta yi in yi istihara. Da na kira ta a bidiyo na ga ta rame, na tambaya, ta ce olsa ce ta tashi, ta juya kyamarar tana nuna mini akuyar da ta haihu.

Ranar gwajin a kife na kwanta, idona biyu, an kashe wurin kawai da allura. Ina jin ana turawa a bayana, Dakta Shanti tana magana a hankali. Can ta ce za su kunna, in faɗi inda na ji. Sai na ji wani abu kamar tururuwa na tafiya a ƙafar dama. Na ce ba nan ba ne. Aka motsa wayar. Ya dawo cinyar hagu, ya gangara gwiwa, ya sauka ƙauri, ya bi hanyar ciwon nan daidai kamar ya san ta, har tafin ƙafa. Garwashin da na yi shekaru ina ɗauke da shi ya lafa.

"Nan ne," na ce. "Nan ne." Nas ta goge mini fuska, don ba dama in ɗaga hannu.

Makon nan ba wanka, ba sunkuyawa, ba juyi, ba ɗaga hannu sama. Wayoyi sun fito daga bayana an manne su da filasta, akwatin batir yana rataye a ƙuguna. Ga zafin garin da danshi. Makcik ce take shigowa kowace safiya da tawul da ruwan ɗumi, ta goge mini jiki kamar jaririya, tana kauce wa filastar. Na ji kunya ranar farko, ta bugi hannuna ta ce, "Makan dulu," wato in fara cin abinci, ta tura mini kwanon fate-faten shinkafa da ta dafo. A zaune nake salla. Amma na yi barci. Na tsaya a kicin na soya wa Ilham ƙwai tana kallona kamar baƙuwa. Ciwon yana nan, sai dai ya koma kamar maƙwabcin da ya rage murya.

Sai aka zare wayoyin, don haka ƙa'idar take, a bar wurin ya warke kafin a dasa ta dindindin. Kafin mu iso gida ciwon ya dawo gaba ɗaya. Ya fi na da wuyar ɗauka, saboda yanzu na ɗanɗana rashinsa.

Ina cikin jiran ranar tiyata ne wata 'yar kawunmu ta turo mini saƙon murya. Hira ce ta duniya, a ƙarshe ta ce, "Allah ya ba Umma lafiya, jiya mun je dubiya asibiti." Na saurara sau biyu. Na kira Yaya Sani.

"Yaya, me ya sami Umma?"

Ya yi ta kame-kame. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Hanta ce, Hadiza. An daɗe da ganowa. Ita ta hana a gaya miki."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a sayar da filin."

Na ajiye waya na jawo akwati. Abban Ilham ya dawo ya same ni ina cusa kaya a durƙushe. Bai hana ni ba. Ya ce in na ce a sayi tikiti zai saya, amma in sani izinin zamanmu yana ƙarewa tare da karatunsa, in na tafi da wuya in dawo a yi aikin. Ya ce kuma in tuna yadda aka sauko da ni daga jirgi a keken guragu da muka zo. Na ce ko a makara ne a kai ni.

Yaya Sani ya kai wa Umma waya a gadon asibiti. Ta ƙi yarda a kunna bidiyo. Muryarta ta yi siriri, amma ita ce.

"Hadiza, an ce kina haɗa kaya."

"Umma, me ya sa kika ɓoye mini?"

"Saboda na san ki. In kin zo a haka, wa zai yi jinyar wani? Ni a kwance, ke a kwance, mu yi ta kallon juna?"

"Ko kallon ne, Umma."

"Ki saurare ni. Ni na yi jinyar bayan nan naki, na san abin da kike sha. Allah ya nuna miki sauƙi kin gani da idonki. Ki tsaya a yi miki, ki zo da ƙafarki. In kika taho ba a yi ba, ban yafe ba."

Tunda nake ba ta taɓa gaya mini wannan kalmar ba. Na ce to. Na mayar da kayan cikin durowa ɗaya bayan ɗaya.

Aka yi tiyatar lafiya. Na farka da ɗinki biyu, ɗaya a tsakiyar baya, ɗaya a saman ɗuwawu inda batirin yake. Aka ba ni rimot kamar na talabijin, da ɗamarar da zan riƙa ɗaurawa in yi wa batirin caji ta cikin fata. Dakta Shanti ta ce sai na yi makonni ban sunkuya ba, ban yi doguwar tafiya ba, har wayoyin su kama jiki. Na tura wa Yaya Sani saƙo ya gaya wa Umma an yi. Ya ce ta ji, ta yi hamdala.

Ba a cire mini zare ba tukuna, wata rana bayan azahar na ji ana buɗe ƙofa. Abban Ilham ba ya dawowa a wannan lokacin. Ya shigo, bayansa mata biyu daga Taman Melati sanye da manyan hijabai, ba wadda ta kalle ni. Ban bari ya buɗe baki ba.

"An yi jana'izar?"

"Yanzu ake haɗa ta," in ji shi.

Ko faɗuwa ƙasa ban samu na yi ba. Na yunƙura, ya riƙe kafaɗuna yana cewa, "Wayoyin, Hadiza, wayoyin." A kwance a gefe ɗaya na karɓi gaisuwar mahaifiyata, da matashi tsakanin gwiwoyi. Sauran matan suka zo suka cika falon, har wadda ta ce son jiki ne, ita ta yi ta wanke-wanke. Makcik ta kawo ƙawayenta daga masallacin unguwa, suka zauna a ƙasa da fararen lulluɓi suka karanta Yasin ga matar da ba su taɓa gani ba. Anti Jummai ma ta zo da kular shinkafa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Allah ya jiƙan Umma." Na ce amin. Ba ni da ƙarfin wata magana.

Bayan an watse na tsani na'urar nan. Duk lokacin da na ji tururuwar a ƙafata sai in ce da wannan na musanya ganin uwata. Wata safiya na danna rimot na kashe ta, na jefa shi ƙasan durowa. Ciwon ya dawo, na ce madalla. Na yi kwanaki a haka, ba na ci, ba na barci. Abban Ilham ya ɗauka waya ce ta goce, ya ce mu koma asibiti. Sai da na gaya masa gaskiya. Ya je ya lalubo rimot ɗin ya ajiye kusa da hannuna.

"Ba zan kunna miki ba," ya ce. "Amma Umma ta kwanta ita kaɗai da ciwonta don ki samu wannan. In kin kashe, ta yi a banza ke nan."

Na ce ya fita. Ya fita. Sai bayan la'asar na kunna.

Mun dawo Kano bayan ya kammala. Makcik ta raka mu har ƙasan bene, ta cusa wa Ilham ledar abinci, ta rungume ni a hankali ta inda ba ɗinki. A filayen jirgi sai na nuna katin da asibiti suka ba ni, a kewaye da ni ta gefe a laluba ni da hannu. Ciwon ya ragu da rabi kamar yadda aka faɗa, wata rana fiye, ranar da hadari ya haɗu kuwa ƙasa da haka. Har yanzu ban sami wanda ya iya daidaita na'urar a nan ba. Idan an ɗauke wuta kwana biyu hankalina kan batir yake. Na san wata rana zai ƙare, kuma ban san inda za a canza shi ba.

Washegarin isowarmu na je gidanmu. Ɗakin Umma a buɗe, an naɗe katifar an jingine. Inna Ladi, ƙanwarta, wadda ta yi jinyarta har ƙarshe, ta shigo ta same ni a tsaye a tsakiyar ɗakin. Muka yi kuka muka gaji. Da muka natsu ta ce, "Ina abin yake?"

Na juya mata baya, na ɗage riga, na kama hannunta na ɗora a kan tudun da ke ƙarƙashin fata. Ta shafa shi da yatsu a hankali, ta bi gefensa, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Kullum sai ta tambaye ni," in ji ta. "Wai ƙarfe ne, Ladi, kar ya riƙa yi mata sanyi a jiki. Ni kuma ban san amsar ba."

Ta sake dannawa da tafin hannu.

"Ashe da ɗumi," ta ce.